Ina ungulun mahauta ta tafi? Mu fara kallon tsuntsaye tun daga bakin rumfa

 Tambaya na zo da ita yau, kuma ina roƙon kowa ya ba kansa amsa tsakaninsa da Allah. Yaushe rabonka da ganin ungulu a kan rufin mahauta? Duk wanda ya haura shekara 40 a Maradi ko Damagaram ko Tawa ko Yamai ya san cewa da can ba a kayar da sa a yanka ungulu ba ta sauka ba. Mahauta suna korarta, ta ja da baya taku biyu ta dawo, yara suna jifarta, ita ko a jikinta. Yau a kasuwanni da dama sai mutum ya yi wata da watanni bai sa ta a ido ba. In kuma ka tambayi wace shekara ce ta fara raguwa a garinku, babu mai iya gaya maka, saboda babu wanda ya ƙirga. Mu da ba mu yarda dala biyar ta ɓata cikin lissafi, ga tsuntsuwa mai girma kamar wannan ta ɓace daga kasuwarmu ba mu farga ba.

Wannan shi ya sa nake da ra'ayin cewa lokaci ya yi da za mu fara kallon tsuntsaye da niyya, mu san sunan kowanne, mu riƙa lura da zuwansu da tafiyarsu, mu kuma rubuta abin da muka gani. Na san tun kafin in rufe baki wata Hajiya a layin masu atamfa ta riga ta ce wannan aikin nasara ne da ya ƙoshi, mu nan abin da za a aza a tukunya muke nema. Hajiya, maganarki tana da gaskiya a cikinta, domin mai jin yunwa ba ya kallon sama. Amma ki ba ni minti kaɗan in nuna miki cewa abin ba ya cin ko dala, ba ya hana ki ciniki, kuma yana da alaƙa da tukunyar nan da kike magana.

Kakanninmu sun riga nasara

Mu dubi maganar da muke yi kullum. Muna cewa belbela ci da motsin wani. Wanda ya fara faɗin haka ya tsaya ne ya ga belbela tana bin ƙafar shanu, in saniya ta taka ciyawa fara da ƙwari suka tashi sai ta cafke. Muna cewa ungulu ba ta jewar banza, domin an lura in ta yi ta shawagi wuri guda to akwai mushe a ƙasa. Muna cewa hankaka mai da ɗan wani naka, kuma masana tsuntsaye na zamani sun tabbatar akwai wani tsuntsu mai doguwar wutsiya da ke saka ƙwansa cikin sheƙar hankaka, hankaka ya ƙyanƙyashe ya ciyar da ɗan da ba nasa ba. Maharbin da ke ɗaura kan burtu a goshi yana rarrafe har ya kusanci barewa, ai sai da ya daɗe yana kallon tafiyar burtu kafin ya iya kwaikwayonsa. Wanda ya raɗa wa ragon maza suna ya ga yadda ba ya son tashi sama, sai dai ya yi ta kutsawa cikin ciyawa da ƙaya.

Ke nan ilimin yana nan cikin harshenmu, mu ne muke sakinsa. Ku gwada da yaran gidanku da daren nan. Ku ce su lissafa sunayen tsuntsaye 15, ban da kaza da agwagwa da talotalo. Yaron da ya haddace sunan ƴan ƙwallon Turai 30 zai tsaya a kurciya da hankaka da mujiya. Alhali masana sun rubuta irin tsuntsaye fiye da 500 da aka gani cikin ƙasar Nijar, kuma da yawa daga cikinsu suna da suna a Hausa: tsanwaka, cilakowa, carki, tsirya, shaya, zalɓe, gauraka, kirinjijiya, dinya, tuje, bardo, yautai, suda. Sunan da aka daina kira, bayan tsara biyu ya mutu, kuma mutane ba su jin ciwon ɓacewar abin da ba su san sunansa ba.

Abin da ɗan kasuwa zai ƙaru da shi

Mu fara da shamuwa. Kowane manomi ya san in shamuwa ta sauka kan icce ko kan rumbu cikin bazara ta fara jan ƙirare tana sheƙa, to damana ta kusa. Ba ita ke kawo ruwan ba, biyo shi take yi, domin ruwa ne ke fito da fara da tsutsa da kwaɗi da za ta ciyar da ƴaƴanta. In damana ta wuce sai ta bar mu. A farkon shekarun 2000 masu bincike sun ɗaura wa wasu shamuwoyi na nan Nijar ƴar na'urar da tauraron ɗan adam ke bin sawunta, aka ga sun yi kudu da gabas har ƙasar Tanzaniya. Mai saye da ajiye hatsi, da mai sayar da iri da taki da kayan noma, wa ya fi su bukatar sanin take-taken damana? Ban ce a bar sauraron masu hasashen yanayi a rediyo ba, ban kuma ce duk shekarar da shamuwa ta zo da wuri ruwa ma zai zo da wuri ba. Amma in ka rubuta ranar da ta sauka unguwarku da ranar da aka yi ruwan shuka, shekara 5 a jere, ka samu lissafin garinka na kanka, wanda ba a sayar da shi a kowane kanti.

Sannan shamuwa da belbela da shirwa ma'aikatan gona ne da ba a biyansu. Fara da babe suna cikin babban abincinsu da damana da kaka. Waɗanda suka ga farin ɗango na 2004 da tsadar 2005, lokacin da tiyar hatsi ta gagari talaka, sun san abin da fara ke iya yi wa kasuwa. Tsuntsu ba ya iya tare farin ɗango in sun taso da yawansu, wannan sai jirgin feshi. Amma ƙananan farin da ke ƙyanƙyashewa cikin gonakinmu kowace shekara, tsuntsaye suna rage su kullum ba tare da an sayi ko lita guda ta magani ba.

Zan faɗi ɗaya gefen ma, domin manoma suna karanta wannan shafi. Akwai tsuntsaye masu ɓarna, babbansu jan baki. Masana sun ce babu tsuntsun daji da ya kai shi yawa a duniya. Kowane guda yana cin kamar giram 10 a yini, wato taron miliyan 2 yana iya cinye tan 20, buhu 200 ke nan na kilo 100, kafin rana ta faɗi. Wanda ya wuni yana kaɗa gwangwani a gonar dawa ba za ka ce masa ya so jan baki ba. Amma a nan ma sani ne magani. Wanda ya iya bambanta jan baki da sauran ƙananan tsuntsaye, ya gane kurmin da suke kwana ko suke sheƙa, shi ne zai iya sanar da ma'aikatan gona da wuri tun hatsi bai yi ido ba. Wanda bai sani ba kuwa sai ya zuba guba a bakin ruwa ya kashe mai laifi da marar laifi. Ƙasar Sin ta gwada irin wannan a 1958, lokacin da gwamnati ta sa jama'a su hallaka gwara da cewa tana cin hatsi. Tsuntsu ya ƙare, fara da ƙwari suka samu sarari, abin ya ƙara wa yunwar da ta biyo baya muni, har dole aka janye umurnin a 1960.

Mu koma ga ungulu. Wani masani Bafaranshe mai suna Thiollay ya bi hanyoyin Burkina Faso da Mali da Nijar cikin mota tsakanin 1969 da 1973 yana ƙirga tsuntsayen da ya gani, ya sake bin hanyoyin nan a 2003 da 2004. Ya tarar manyan ungulayen daji sun ragu da fiye da kashi 90 cikin 100 a wajen gandun dajin da hukuma ke tsaro, ungulun gari kuma ta ragu da kusan rabi. A 2015 ƙungiyar duniya mai lissafin halittun da ke cikin haɗari ta sa ungulun gari cikin sahun waɗanda ke dab da ƙarewa. Dalilan ba ɓoye suke ba. Ana zuba wa mushe guba don kashe kare ko dila ko kura, ungulaye su ci su mutu da yawansu. Ana sare manyan itatuwan da take sheƙa a kansu. Kuma mu faɗi gaskiya tunda a kasuwa muke, ana kama ta ana sayar da kanta da ƙafarta da ƙwanta ga masu neman magani, har ana tsallaka iyaka da su. Ita kuwa ƙwai guda take sakawa a shekara, don haka abin da aka kashe cikin mako guda sai an yi shekaru ba a mayar da shi ba. Gauraka ma tana cikin irin wannan hali, ana kama ta ana sayar wa masu hali su ajiye a gida don ado, har ta yi wuyar gani a wuraren da ta saba taruwa.

Wani zai ce in ungulu ta ƙare me ya dame mu, tsuntsuwar da ba a ci, ba ta da kyan gani? Ku tambayi mutanen Indiya. Cikin shekarun 1990 ungulayensu suka mutu kusan duka saboda wani maganin ciwon jiki mai suna dikilofenak da ake yi wa shanu, wanda in ungulu ta ci naman sai ƙodarta ta lalace. Kafin a hana ba dabbobi maganin a 2006, mushe ya riga ya cika bayan gari yana ruɓewa, karnukan da ba su da mai su suka yawaita, ciwon haukan kare ya ƙaru. Wani bincike da aka buga a 2024 ya ƙiyasta cewa rashin ungulu ya jawo mutuwar mutane kimanin dubu 500 tsakanin 2000 da 2005. Cikin ungulu yana narkar da ƙwayoyin cutar da ke cikin mushe, kare da ƙuda kuwa yaɗa su suke yi. Mai tuwo da mai fura da mai ƙosai da ke zaune kusa da mahauta, ku ne ƙudan zai fara ziyarta.

Masu sayar da kaji da zabi ma suna da rabo cikin wannan magana. A watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye a Magariya, kuma waɗanda ke cikin sana'ar a lokacin ba su manta da yadda kasuwar kaji ta faɗi ba. Mutumin da ya saba kallon tsuntsayen tabki shi ne zai fara lura in sun soma mutuwa da yawa ba gaira ba dalili. Abin da ya kamace shi a nan, kada ya taɓa su, kada ya bar yara su ɗauka, ya sanar da likitan dabbobi.

Yadda za a fara

Abu na farko, kada ka je ko'ina. Fara daga inda kake zaune. Mai rumfa yana da abin da masu yawon kallon tsuntsaye ba su da shi, wato zama wuri guda kowace rana shekara da shekaru. Tsakanin mai saye da mai saye akwai minti 5 ko 10 da ake kashewa kan salula. Ɗaga kai ka dubi wayar lantarki, da rufin kwano, da dogon yaron da ke bayan shago, da wurin masu auna hatsi, da juji. A gida kuma uwargida ta dubi gindin turmi bayan an gama surfe, za ta ga ƴar jar tsuntsuwar nan baiwar Allah tana tsince tsaba ba ta ko jin tsoro. In aka ajiye kasko da ruwa a inuwa, nesa da inda mage ke laɓewa, ana canza ruwan kullum don kada sauro ya haihu a ciki, cikin bazara za ku ga baƙin da ba ku taɓa sanin suna unguwarku ba.

Na biyu, lokaci. Tsuntsu ya fi motsi da kuka daga bayan asuba zuwa hantsi, sai kuma daga la'asar zuwa faɗuwar rana. Da tsakar rana inuwa yake nema kamar kowa. In za ka duba, sa rana a bayanka, domin in tana gabanka kowane tsuntsu baƙi zai zame maka.

Na uku, abin da ake dubawa. Sabon shiga yakan ruga ga launi, alhali launi yana ruɗi. Fara da girma, ka auna shi da waɗanda ka sani: ya kai baiwar Allah, ko kurciya, ko hankaka, ko shamuwa? Sannan baki. Gajere mai kauri na masu cin tsaba ne, siriri na masu cin ƙwari, mai lanƙwasa kamar ƙugiya na masu cin nama, dogo kamar mashi na masu kamun kifi da kwaɗi. Sannan ƙafa da wutsiya, sannan yadda yake tafiya, tsalle yake yi ko taku, shi kaɗai ne ko cikin taro, a ƙasa yake ci ko a sama. Bayan wannan sai launi, sai kuma kuka. Wannan aiki ba zai yi wa ƴan kasuwa wuya ba. Macen da ke bambanta atamfar Holan da ta kwaikwayo daga taku 10, da wanda ke gane hatsin bana da na bara da zarar ya damƙa a hannu, sun riga sun mallaki idon da ake bukata.

Ga gwaji mai sauƙi da dangin kurciya. Yawancinmu kurciya kawai muke cewa, alhali ba iri guda ba ce. Akwai ƙaramar nan ta cikin gida mai launin jar ƙasa, mai baƙin ɗigo-ɗigo a gaban wuya. Akwai masu baƙin zane a bayan wuya kamar rabin sarƙa, su ma iri-iri ne, da kuka aka fi raba su. Akwai bardo, ƙarami mai doguwar wutsiya, namijin yana da baƙar fuska da maƙogwaro. Akwai hasbiya, babba, mai jar fata kewaye da ido da farin ɗigo a fiffike. Ranar da ka iya raba waɗannan huɗu ka shiga sahu. Kowa ya ga zabuwa da zanenta ya gan ta, sauran tsuntsaye ma kowanne da nasa zanen.

Na huɗu, kada a yi zari. Tsuntsu 10 sun isa a watan farko: kurciya, hasbiya, hankaka, shirwa, belbela, baiwar Allah, shaya, cilakowa, tsattsewa da alhudahuda. In ka san 10 ɗin nan da kyau, duk wanda ba ya cikinsu zai fito maka fili, sai ka nemi sunansa. Bayan suna kuma sai hali. Bi cilakowa da kallo lokacin haihuwarta za ka ga abin mamaki. Macen tana shiga kogon icce ta toshe ƙofar da laka ta bar ƴar tsaga, namijin ya yi ta kawo mata abinci ta nan, sai ƴaƴa sun ɗan yi wayo sannan ta fasa ta fito. Dubi shirwa a sama, za ka ga wutsiyarta mai ɗan tsagi a tsakiya ce take juyawa tana tuƙa kanta da ita.

Na biyar, kaye da bik. Kaye guda na ƴan lakwal ya isa shekara. Rubuta rana da wuri da sunan tsuntsu da yawansa da abin da yake yi. Wanda ba ka san sunansa ba, rubuta kamanninsa nan take kafin ka manta, kada ka ƙago masa suna don jin kunya. Wanda bai yi boko ba ya rubuta da ajami. Wadda ba ta rubutu ta faɗa cikin salula ta ajiye muryar, ko ta sa ɗiyarta ƴar lakwal ta riƙe kayen, ta haka yarinyar ma za ta koya. Rubutun nan shi ne ya raba aikin da shan iska, domin da wani mahauci ya riƙa rubuta yawan ungulayen da ke sauka kowace ranar kasuwa tun 1990, da yau muna da hujjar da za mu nuna wa hukuma.

Na shida, malamai. Suna nan kusa da mu, su ne tsofaffi da maharba da makiyaya da masunta, kuma ranar kasuwa duk suna zuwa rumfarka da ƙafarsu. Ka ce, Baba, wane tsuntsu ne mai shuɗin jiki da ke zama kan wayar bakin hanya shi kaɗai? Zai ce maka tsanwaka, ya ƙara maka da labari kyauta. In sunan Damagaram ya saɓa da na Tawa, rubuta duka biyun. Masu babbar salula suna iya sauke manhajar Merlin, wadda jami'ar Cornell ta Amurka ta yi, kyauta ce, tana nuna hoto tana kuma sa kukan tsuntsu. Akwai kuma littafin tsuntsayen Afirka ta Yamma na Borrow da Demey, an fassara shi da Faransanci. Madubin hangen nesa yana da amfani, amma kada wanda ya ci bashi dominsa. In hali ya samu, a nemi mai lamba 8x42, wato mai kusanto da abu sau 8, kuma a ja kunnen yara kada su kuskura su dubi rana da shi, yana makantarwa.

Na bakwai, ladabi. Ba a taɓa sheƙa, ba a ɗaukar ƙwai, ba a korar tsuntsu don a ga tashinsa. A yi shiru, a rage motsi, a tsaya nesa. Ba a shiga gonar mutum ko garkarsa sai da izini. Yaron da ke yawo da danƙo, maimakon duka a ba shi aikin ƙirga, domin yaran danƙo sun fi kowa sanin inda kowane tsuntsu yake kwana.

In an samu ranar hutu

Wanda ya saba da na gida sai ya leƙa bakin ruwa, musamman daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu. Mutanen Maradi suna da tabkin Madarunfa, na Damagaram suna da Gidimuni da Lasuri, na Tawa suna da Tabalak da Ɗan Dutsi, na Yamai kuma ga kogin Isa a ƙofar gida. Tabkunan nan biyar duk suna cikin jerin wuraren ruwa masu muhimmanci na duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar ta 1971. Tabalak da Ɗan Dutsi da Lasuri sun shiga a 2005, Madarunfa da Gidimuni a 2019. Gandun W ya yi suna wajen yawan tsuntsaye, amma rashin tsaro ya sa zuwa can ya yi wuya a shekarun nan, kuma kada kowa ya jefa kansa cikin haɗari saboda tsuntsu. Ko'ina za a je, a tambayi mutanen wurin tukuna.

A bakin ruwan za ka ga na gida, zalɓe tsaye kamar an dasa shi, kirinjijiya mai farar fuska tana fito, zakaran ƙeƙuwa yana ƙara. Za ka kuma ga ƴan cin rani, agwagin daji da ƙananan tsuntsaye masu dogayen ƙafafu waɗanda aka ƙyanƙyashe a Turai da Rasha, suka ƙetare teku da hamada suka zo wurinmu gudun sanyi, su koma gida a watan Maris ko Afrilu. Turawa kansu sun daɗe ba su san inda tsuntsayensu ke tafiya ba, har 1822 da aka harbo wata farar shamuwa ta Turai a arewacin Jamus da mashin Afirka soke a wuyanta. Tana nan ajiye a jami'ar Rostok har yau. Tun 1899 kuma aka fara sa wa tsuntsaye zobe mai lamba a ƙafa, a ƙasar Danmak. In maharbi ko masunci ya ci karo da irin wannan zobe, ya sani ba asiri ba ne, shaidar tafiya ce, ya rubuta lambar da rana da wuri ya kai wa ma'aikatan gandun daji. Kowane watan Janairu ana ƙirga tsuntsayen ruwa a ƙasashe da dama a lokaci guda, aikin da aka fara tun 1967, Nijar ma takan shiga, kuma mai ido da kaye yana iya tuntuɓar ma'aikatan nan ya ba da tasa gudummawa.

Kada kuma a ce abin da ya ragu ba ya dawowa. Tun shekarun 1980 manoman Maradi da Damagaram suka rungumi sassaben zamani, suna barin tohon gawo da kalgo da sabara su girma cikin gona, har aka ƙiyasta wurin ya kai hekta miliyan 5. Inda icce ya dawo, tsuntsu yana samun wurin sheƙa. Jimina kuwa da aka bari ta ƙare a dajin ƙasar nan, sai da aka koma kiwonta cikin shinge a Kelle ta yankin Gure domin a mayar da ita daji, aikin da ya fi tsare ta tun tana nan tsada nesa ba kusa ba.

Saboda haka ina kira ga shugabannin ƴan kasuwa da sarakunan fawa su hana sayar da kan ungulu da sassan jikinta a kasuwanninsu. Akwai dokar farauta da kare namun daji tun 1998, ya kamata ma'aikatan gandun daji su shigo kasuwa su bayyana wa jama'a abin da ta hana da Hausa. Ina kira ga manoma da makiyaya su daina zuba guba a mushe. Ina kira ga magadan gari, in za a gyara kasuwa ko tasha a bar manyan itatuwa tsaye. Malaman lakwal su san cewa Asabar ta biyu ta watan Mayu da ta watan Oktoba ranakun tsuntsaye masu ƙaura ne a duniya, su fita da yara ko da bayan makaranta ne. Mu ma ma'aikatan rediyo muna da namu aikin, mu ba tsofaffi fili su faɗi sunayen tsuntsaye da halayensu a ɗauka a ajiye tun suna raye.

Kai kuma Alhaji, ke kuma Hajiya, naku mai sauƙi ne. Gobe da safe kafin ku buɗe rumfa ku tsaya minti 10 ku ƙirga irin tsuntsayen da kuka gani, ku rubuta. Mako mai zuwa ku tambayi maƙwabcin rumfa nawa ya samu. In bazara ta zo, ku riƙe ranar da shamuwa ta fara sauka unguwarku. Allah ya ba da kasuwa, ya ba mu damana mai albarka, amin.